RA'AYI: Rumbun na'urar gem a Mashegu da darasin da ke cikinsa ga ofisoshin Abuja

A cikin kayan lantarkin da ke shigowa ƙasar nan, da wuya a sami wanda manya ke yi wa kallon raini kamar na'urar wasan gem. A wurin yawancin iyaye, PlayStation abin cinye wa yara lokaci ne da 'yan kuɗin aljihu; a wurin masu tsara manufofin gwamnati kuwa, ba ta ma kai a ambace ta ba. To amma a cikin wannan na'ura akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, wato rumbun ajiyar bayanai, inda wasanni da duk abin da ɗan wasa ya tara suke zaune. Idan ya cika ko ya gaji, mai na'urar yakan kwance shi ya sa wanda ya fi shi girma, na'urar ta ƙara shekaru tana aiki.

Wannan ɗan aiki, wanda matasa ke yi a kan benci a Kontagora da garuruwan Ƙaramar Hukumar Mashegu, shi ne abin da ofisoshin gwamnatin tarayya da dama suka kasa mayarwa al'ada. Ra'ayina shi ne ya kamata gwamnati ta mai da shi ƙa'ida: duk na'urar da za a saya da kuɗin jama'a ta kasance wadda za a iya buɗewa a sauya mata sassa, kuma kada a sayi sabuwa sai an tabbatar ta hannu ba za ta gyaru ba.

Gidan gem a Mashegu

Mashegu tana cikin masarautar Kontagora, kuma tana daga cikin ƙananan hukumomin da suka fi faɗin ƙasa a Jihar Neja. Ta haura murabba'in kilomita 9,000, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum 215,000 da 'yan kai. Ƙasar noma ce, mai masara da dawa da wake da shinkafa, kuma a cikinta sashen Zugurma na gandun dajin Kainji yake. Jihar da take ciki ita ce mai madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ga ta Jebba a kan iyakarta da Kwara, har ana yi mata kirari da jihar wutar lantarki. Sai dai lamarin ya zama ga ƙoshi ga kwanan yunwa, domin mai ƙaramar sana'a a ƙauyukan yankin da janareto ko farantin sola yake dogara. Ga kuma matsalar tsaro, wadda harin da 'yan bindiga suka kai masallacin Mazakuka a watan Oktoban 2021 ya fito wa duniya da ita.

A irin wannan wuri, gidan gem sana'a ce kamar kowace. Shago ne guda, da talabijin biyu ko uku, da benci, da janareto a bayan ɗaki, sau da yawa a haɗe da cajin waya ko kallon ƙwallon Turai. Samari suna biyan kuɗi kaɗan a kan kowane wasa, mai shagon ya fitar da kuɗin mai, ya biya haya, ya ci abinci da ragowar. Jarinsa kuwa ba sabuwar na'ura ba ce. Galibi PS3 ce ko PS4 ta hannu, wadda ta ratso kasuwar Alaba ta Legas ko kasuwannin Kano kafin ta iso Kontagora.

Lissafi kaɗai ya isa ya nuna dalili. Lokacin da kamfanin Sony ya fitar da PS5 a watan Nuwamban 2020, dala 499 ya sa wa mai karɓar faifai. Idan aka lissafa dala a naira 1,400, kuɗin ya kusa naira 700,000, wato albashin wata goma na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kafin a zo maganar kuɗin fito da ribar ɗan kasuwa. Wanda jarinsa bai kai nan ba, dole ya koyi yadda zai tsawaita ran abin da yake hannunsa.

Yadda ake sauya rumbun

PS4 ta fito a watan Nuwamban 2013 da rumbu mai gigabait 500, wanda abin da ke saura wa mai ita bayan manhajar na'urar ta ɗauki rabonta bai wuce 400 da 'yan kai ba. A lokacin ana ganin wannan wadata ce. Amma wasanni sun yi ta kumbura. Na ƙwallon ƙafa, waɗanda su ne abincin gidajen gem a Arewa, kowannensu yana cin gomman gigabait, wasa irin Red Dead Redemption 2 na 2018 kuwa shi kaɗai ya kai kimanin 100. Ke nan wasanni kaɗan ne ke cika rumbun.

A inda intanet yake da ƙarfi da araha, wannan ba damuwa ba ce, sai a goge wasa ɗaya a sauko da wani. A Mashegu kuwa goge wasa asara ce, domin sauko da gigabait hamsin a kan layin waya mai zuwa yana ɗaukewa aikin kwanaki ne, ga tsadar data da ta ƙaru tun bayan da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Manomin yankin ya san maganin irin wannan tun kakanni: idan amfanin gona ya fi ƙarfin rumbu, rumbun ake ƙarawa, ba a sayar da gonar.

Aikin ba shi da wuyar da ake zato. Rumbun PS4 irin na kwamfutar tafi-da-gidanka ne, mai inci biyu da rabi, muddin kaurinsa bai wuce milimita tara da rabi ba. Da farko mai gyara zai kwafe bayanan wasannin a wani rumbu na waje ko filas, domin na'urar tana kulle rumbunta da wani mabuɗi nata na kanta, wata na'urar ba ta iya karanta shi sai ta share komai. Sannan ya kashe ta gaba ɗaya, ya zare wayar wuta, ya zame murfi, ya kwance sukuru guda da ke riƙe da mazaunin rumbun, ya kwance huɗun da ke gefe, ya sa sabo mai terabait ɗaya ko biyu. Abin da ya rage shi ne dasa manhajar na'urar daga filas. A nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe, domin Sony fayil biyu yake bayarwa, ƙarami na sabuntawa da babba na dasawa daga tushe, kuma babban ne kawai ke aiki a sabon rumbu. Wanda ba ya son buɗe na'urar ma yana da mafita, domin tun watan Maris na 2017 PS4 take karɓar rumbun waje ta kafar USB har mai terabait takwas.

Gwanin mai gyara ya san abin da ya wuce kwance sukuru. Ya san rumbun gargajiya, wato HDD, faifai ne da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da ɗan hannu siriri yana shawagi a kansa yana rubutu da karatu, saboda haka ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu, ko faɗuwa daga kan tebur, ko zafin da ƙurar hunturu ke haddasawa idan ta toshe fanka, duk suna rage masa kwana. Ya san sabon samfurin da ake kira SSD ba shi da abin da ke motsi a cikinsa, ya fi jure jijjiga, ya kuma fi sauri nesa ba kusa ba. Ya kuma san PS4 ta farko ba ta iya cin moriyar duk wannan saurin, don haka idan kuɗin mai shago kaɗan ne, gara ya sayi faɗi da ya sayi sauri. Wannan shi ne auna buƙata da aljihu kafin a kashe kuɗi, abin da ake biyan ƙwararru maƙudan kuɗi su yi wa ma'aikatu.

Ƙira ba ta zuwa da ka

Abin da ya kamata mai tsara manufa ya lura da shi shi ne, sauƙin wannan aiki ba sa'a ba ce. Shawara ce da kamfani ya yanke tun a teburin zane. Sony ya zaɓi ya sa rumbun da ake samu a kowace kasuwa, ya bar masa ƙofa, har ya wallafa matakan sauya shi. Microsoft kuwa, a na'urarsa ta Xbox 360, rumbu na musamman ya yi wanda sai nasa ake so a saya, a Xbox Series na 2020 ma katin ƙarin wuri na musamman ne, wanda da farko kamfanin Seagate kaɗai ke ƙerawa. PS5 ta tsaya a tsakiya: rumbunta na asali mai gigabait 825 a manne yake da allon na'urar, ba ya ciruwa, amma an bar gurbin ƙara wani, wanda aka buɗe wa jama'a a watan Satumban 2021. Bambancin waɗannan shawarwari, da aka yanke a Japan da Amurka, shi ke tantance ko saurayi a Kaboji ko Ibbi zai ci gaba da sana'arsa ko zai rufe shago ranar da rumbu ya mutu.

Ƙasashen da suka gane haka sun daina barin lamarin ga kamfanoni kaɗai. A 2018 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta gargaɗi kamfanoni shida, ciki har da Sony da Microsoft da Nintendo, a kan sharuɗɗan da ke cewa garantin kaya ya ɓaci da zarar an ɓalle tambari ko an yi amfani da sassan wani kamfani. A watan Janairun 2021 Faransa ta wajabta a liƙa wa wayoyi da kwamfutocin tafi-da-gidanka da talabijin maki daga cikin goma, mai nuna sauƙin gyaransu, don mai saye ya gani kafin ya biya. A 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar 'yancin gyara, wadda ta ɗora wa masu ƙera wasu kayayyaki nauyin gyara su da samar da sassansu a farashi mai ma'ana. Idan ƙasashen da mutanensu ke da halin sayen sabo suna kafa doka don kare gyara, ina ga ƙasar da kusan duk na'urar da ke cikinta da dala aka shigo da ita?

Ɗakin da kowane ma'aikaci ya sani

Duk wanda ya yi aiki a ofishin gwamnati ya san wani ɗaki, ko wani lungu a ƙarƙashin matakala, inda ake jibge kwamfutocin da aka ce sun mutu. Ya kuma san yadda suke mutuwa. Kwamfuta takan fara nauyi, ta riƙa ɗaukar mintuna kafin ta buɗe, ma'aikaci ya gaji ya koma aiki da tasa ta gida, a rubuta takarda cewa ta lalace, a saka sayen sababbi a kasafin baɗi. Alhali a lokuta da yawa ciwonta irin na waccan PS4 ne: rumbunta ne ya tsufa. Rumbun gargajiya na kwamfuta yana karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa, SSD na gama-gari kuwa yana kai 500. Idan aka sauya shi, aka ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki, kwamfutar da aka yanke wa ƙauna takan dawo ta yi aikin rubutu da lissafi da aika wasiƙu, wanda shi ne mafi yawan aikin ofis, a kan kuɗin da bai kama ƙafar farashin sabuwa ba.

Me ya hana a yi haka? Ba rashin sani ba ne, domin sassan kula da kwamfuta na ma'aikatu cike suke da waɗanda suka fi mai gidan gem karatu. Tsarin ne ya karkata. Sayen sabo kwangila ce mai layi a kasafin manyan ayyuka, mai takardun tayi da bikin miƙa kaya, wani lokaci har da abin da ba a faɗa. Gyara kuwa daga kuɗin gudanarwa ake cirarsa, wanda kullum a takure yake kuma ba ya fitowa a kan kari. Jami'in da ya ceci kwamfuta ɗari da sauyin rumbu babu mai yaba masa a rahoton shekara, wanda ya sayo ɗari sababbi kuwa ya yi aikin da ake gani. Mai gidan gem yana tattali ne saboda kuɗinsa ne. Kuɗin gwamnati kuwa an mai da su na kowa, wato na ba kowa ba. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. A ofisoshinmu rumbun jama'a ake ƙonawa, wasu tsiraru su sayar da tokar.

Wannan magana ta ƙara nauyi a yanzu saboda dalilai biyu. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ya sa ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar aiki da takarda, abin da ke nufin kowane tebur yana buƙatar kwamfuta mai lafiya. Sannan a watan Mayun 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar fifita kayan gida da ayyukan 'yan ƙasa a sayayyar gwamnati. Ba mu ƙera rumbun kwamfuta a Nijeriya, amma hannun da ke sauya shi namu ne. Duk kwamfutar da aka gyara, dala ce ba ta fita ba, kuma aiki ne ya tsaya a gida.

Ramukan da ke kan hanya

Ba daidai ba ne a yabi wannan kasuwa a rufe ido ga aibunta, domin a nan ne ma aikin hukuma ya fi yawa.

Na farko shi ne algus. Kowane rumbu yana riƙe da lissafin sa'o'in da ya yi yana aiki da kurakuran da ya fuskanta, kuma da ƙaramar manhaja ana iya karanta shi. Amma 'yan damfara sun iya goge wannan lissafi su sake liƙa takarda, tsoho ya koma sabo. A farkon 2025 'yan jarida a Jamus sun bankaɗo yadda aka riƙa sayar da rumbunan Seagate da suka yi dubban sa'o'i suna aiki a matsayin sababbi fil. Idan haka ta faru a Turai, mai shago daga Mashegu da ya yi doguwar tafiya zuwa Kano ko Abuja ya sayo rumbu ba tare da rasit ko garanti ba, wa zai kai wa kuka idan ya mutu bayan wata biyu? Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba hukumar FCCPC iko a kan irin wannan, hukumar SON kuma ita ke da alhakin ingancin kaya. Abin da ake buƙata bai wuce a wajabta wa mai sayarwa ya bayyana cewa kayan na hannu ne, ya nuna sa'o'in da ya yi, ya ba da garanti ko na wata uku ba. Kayan hannu ba laifi ba ne, ɓoye cewa na hannu ne shi ne laifi.

Na biyu ya fi shafar ma'aikatan gwamnati kai tsaye. Rumbun da ke shiga PS4 daidai yake da wanda ke fitowa daga kwamfutar ofis, kuma da yawa daga rumbunan hannu da ke kasuwa daga tsofaffin kwamfutoci aka ciro su. Goge fayil ta hanyar da aka saba ba ya kawar da shi, sunansa kawai yake cirewa daga jeri, mai ɗan sani yana iya dawo da shi. A 2006 wani binciken BBC ya gano bayanan asusun bankin mutanen Birtaniya a rumbunan da ake sayarwa a Legas. A 2009 ɗaliban aikin jarida daga Kanada sun sayi wani rumbu a Ghana a kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilolin tsaro na gwamnatin Amurka a ciki. To kwamfutocin ma'aikatunmu da ake gwanjonsu, ko suke ɓacewa daga ɗakin ajiya, wa ke share abin da ke cikinsu na albashi da lambobin ma'aikata da wasiƙun sirri? Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su, kuma wannan nauyi bai ƙare ranar da aka daina amfani da kwamfutar ba.

Na uku shi ne shara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wani bincike da aka yi a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa ƙasar nan a shekara, kusan rubu'insu kuma matattu ne tun daga can. Na'urar da aka ƙara wa shekara biyar, shekara biyar ke nan ba ta isa juji ba. Wadda ta mutu murus kuwa, hurumin hukumar NESREA ne ta tabbatar ba a ƙona ta a bayan gari yara suna shaƙar hayaƙin ba.

Abin da masu suka za su ce

Akwai mai cewa gidan gem matattarar zaman banza ce, inda yara ke guje wa makaranta, wani lokaci har caca ta shiga. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma iyaye da masu unguwanni suna da haƙƙin sa wa gidajen lokacin buɗewa da rufewa, da hana 'yan makaranta shiga lokacin karatu, da korar masu caca. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yaron da ya koyi buɗe na'ura, ya san bambancin rumbu da ƙwaƙwalwa, ya iya dasa manhaja daga filas, ya riga ya taka matakin farko na sana'ar gyaran kwamfuta da waya. A yankin da zaman kashe wando ke iya jefa matashi hannun miyagu, ba ƙaramin abu ba ne a sami sana'ar da ke riƙe shi a gari.

Akwai kuma mai cewa manyan rumbunan nan da kwafin wasannin da ba a biya masu su ba ake cika su. Wannan ma gaskiya ce a wurare da yawa, kuma da wannan hujja ce kamfanonin gem suka sa jihohin Amurka irin su Kalifoniya da Minnesota suka cire na'urorin gem daga dokokinsu na 'yancin gyara. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta hana karya makullan da ke kare ayyukan fasaha, kuma babu mai neman a sassauta wannan. Sai dai sauya rumbu daban, satar wasa daban. Na farkon kamfanin da kansa ya halatta shi. Ba a rushe rumbu don wani ya taɓa ɓoye hatsin sata a cikinsa.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ba kowace tsohuwar kwamfuta ce sauyin rumbu zai cece ta ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. Kwamfutar da ke riƙe da bayanan kuɗi ko na tsaro ba za a bar ta a kan manhajar da ba a toshe wa ɓaraka ba. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ake neman tantancewa tun farko: wadda ta cika sharaɗi a gyara ta, wadda ba ta cika ba a share rumbunta sarai, a sa mata manhajar Linux ta kyauta, a kai ta makarantar da ɗalibai ke karanta darasin kwamfuta a kan allo ba tare da sun taɓa ganinta ba.

Abin da ya kamata a yi

Babu ɗaya daga cikin matakan da ke buƙatar sabuwar hukuma. Hukumar BPP, wadda dokar sayayya ta 2007 ta ba ta ikon shimfiɗa ƙa'idojin saye da na zubar da kayan gwamnati, tana iya sa wa a takardun tayi cewa kwamfutar da za a kawo dole rumbunta da ƙwaƙwalwarta da batirinta su zama masu ciruwa, kuma ɗan kwangila ya lamunci samun sassanta na wasu shekaru. Manyan sakatarori suna iya hana a sa hannu a kan buƙatar sababbin kwamfutoci sai da rahoton sashen fasaha da ke nuna nawa aka duba, nawa suka gyaru, nawa suka gagara. Ofishin kasafi yana iya ware layi na musamman na gyara da haɓaka kayan aiki, don kada ya riƙa gogayya da kuɗin man janareto. Hukumar NITDA da ta kare bayanai suna iya fitar da ƙa'ida guda ta share rumbu, da takardar shaida, kafin kowace na'ura ta bar harabar ma'aikata.

Sai batun hannun da zai yi aikin. Hukumar NBTE tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi sana'a a wajen aji, kuma an gwada shi da masu sana'ar kasuwar Panteka a Kaduna. Babu abin da ya hana a kai shi ga masu gyaran waya da gem na Kontagora, ta yadda mai shaidar zai iya neman aikin kula da kwamfutocin sakatariyar ƙaramar hukuma ko asibiti ko makaranta, maimakon a jira wani daga Minna ko Abuja. Shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku ya fi karkata ga manhaja. Ya dace a tuna cewa manhaja a kan ƙarfe take zaune. Hadiman 'yan majalisa kuwa, musamman na mazaɓar Kontagora, Wushishi, Mariga da Mashegu, su ne ke rubuta jerin ayyukan mazaɓu. Kusa da babura da kekunan ɗinki da aka saba rabawa, a gwada teburin gyara guda mai wutar sola da kayan aiki da malami, a ga abin da zai haifar cikin shekara biyu.

An saba jin cewa ilimin tafiyar da dukiyar ƙasa daga Abuja yake gangarawa zuwa ƙauye. A wannan karon ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Mai gidan gem a Mashegu bai halarci taron bita a kan tattalin kayan gwamnati ba, amma kafin ya ce na'ura ta mutu sai ya buɗe ta ya duba. Wanda ke riƙe da amanar kuɗin jama'a bai kamata ya yi ƙasa da haka ba. Kafin a sa hannu a kan takardar sayen kwamfutoci na baɗi, a fara aika wani da sukundireba zuwa ɗakin nan na ƙarƙashin matakala.